Sharhi a kan Fim ɗin da Ya Ɓata: Matsayin *Hats Off* (1927) Cikin Ayyukan Laurel da Hardy

1.0 Gabatarwa

Abin da aka saba a taro irin wannan shi ne mai takarda ya ɗauko littafi, ko waƙa, ko wasan kwaikwayo, ya shimfiɗa shi a gaban jama'a ya feɗe, sa'an nan masu sauraro su koma ga aikin su duba ko an yi masa adalci. Mu kuwa abin da muka zo da shi ba ya shimfiɗuwa, domin babu shi. Fim ne na ban dariya, irin na zamanin da majigi bai fara magana ba, sunansa *Hats Off*, watau "a tuɓe huluna". Kamfanin Hal Roach ne ya shirya shi a Amurka, Hal Yates ya ba da umarni a ƙarƙashin kulawar Leo McCarey, kamfanin MGM kuma ya rarraba shi ga gidajen sinima tun daga ran 5 ga Nuwamba, 1927. Manyan 'yan wasansa su ne Stan Laurel, siririn nan haifaffen Ingila, da Oliver Hardy, ƙaton nan mutumin jihar Jojiya. Labari na ƙarshe da ake da shi na nuna fim ɗin daga Jamus ya fito, cikin 1930. Daga nan sai ya yi ɓatan dabo.

Duk da haka sunansa bai ɓata ba. Masu sha'awar Laurel da Hardy sun ɗauke shi a kan shi ne babban abin nema a cikin dukan ayyukan mutanen biyu, har wasu masu rubutu sukan yi maganarsa kamar gwanintarsa abu ce da aka riga aka tabbatar. Manufar wannan takarda ita ce ta tambayi hujjar wannan yabo. Ra'ayinmu shi ne, abin da ya rage na fim ɗin ya isa a yi hukunci a kan zubinsa da kuma matsayinsa a tarihin 'yan wasan, amma bai isa ko kaɗan a yi hukunci a kan ko yana da ban dariya ba. Kuma idan aka tsaya a kan zubin, wanda shi ne abin da ake iya dubawa, za a ga cewa yabon ya yi yawa.

2.0 Yadda Irin Waɗannan Fina-finai Suka Salwanta

Ba za mu daɗe a nan ba, amma tilas ne a san cewa ɓatan *Hats Off* ba wani abin mamaki ba ne. Zaren fim na wancan zamani da sinadarin naitiret ake yin sa, abu ne mai saurin kama wuta, wanda in ya kama ko ruwa ba ya kashe shi da sauƙi, in kuwa ya tsufa sai ya yi danƙo, daga baya ya zama gari. Sai wajen 1950 aka bar amfani da shi. Cikin 1937 rumbun ajiyar kamfanin Fox a jihar New Jersey ya ƙone, cikin 1965 kuma wani rumbu na MGM ya ƙone. Bayan wuta akwai sakaci, wanda a ganinmu ya fi ta ɓarna. Wata guda kafin fitowar *Hats Off*, watau cikin Oktoba 1927, aka fara nuna *The Jazz Singer*, fim ɗin da ya buɗe ƙofar magana a sinima. Kafin shekara uku kasuwar fim maras magana ta mutu, masu kamfanoni kuwa ba su ga dalilin biyan kuɗin ajiyar kayan da ba mai saye ba. Wasu aka zubar, wasu aka narke domin a cire 'yar azurfar da ke jikin zaren.

Cikin 2013 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar da binciken da David Pierce ya yi, wanda ya ƙidaya dogayen fina-finai marasa magana 10,919 da aka yi a ƙasar tsakanin 1912 da 1929. Kashi 70 cikin 100 sun ɓata ɗungurungum, kashi 14 kaɗai suka rage a ainihin siffarsu. A lura, wannan lissafi na dogaye ne. *Hats Off* gajere ne, faifai biyu, kimanin minti 20, irin wanda ake sawa kafin babban fim domin a sa 'yan kallo nishaɗi. Abin da ya sa ɓatansa ya fi ciwo shi ne, ayyukan Laurel da Hardy marasa magana sun yi sa'a ƙwarai, kusan duk sun tsira, sai shi kaɗai ne babu ko taƙi guda na zarensa.

3.0 Abin da Ya Rage a Hannu

Abu uku ne: hotunan kati da aka ɗauka a wurin aiki domin talla, da takardun kamfani masu bayyana yadda labarin ya gudana, da kuma abin da jaridun sinima na lokacin suka rubuta. Daga waɗannan an san labarin. Stan da Ollie sun sami aikin tallar injin wanki a wurin wani mai kanti, wanda James Finlayson ya fito a matsayinsa. Suna bi gida gida ba ciniki. Can sai wata mace, Anita Garvin, ta yafuto su daga ƙolin wata doguwar matakala. Suka ɗauki inji suka hau da shi da kyar da jiɓin goshi, sai suka tarar ba sayen inji take so ba, wasiƙa ce take so su jefa mata a akwatin gidan waya. Daga baya gajiya da haushi suka haɗa su faɗa, wannan ya kaɗe hular wancan, wancan ya rama. Mai wucewa ya shiga, na bayansa ma ya shiga, har titi ya cika da mutane kowa yana kaɗe hular kowa. 'Yan sanda suka zo suka kwashe jama'a, aka bar su biyu suna neman hulunansu a cikin tarin huluna.

Wannan shi ne dukan abin da mai sharhi zai dogara da shi. Sai mu tambaya, wane irin abu ne wannan? Ƙashin labari ne kawai. A nan muke so mu ɗan ratse. Duk malamin da ya taɓa duba takardun ɗalibai a kan wasan kwaikwayo ya san irin amsar ɗalibin da bai ga wasan ba, bai ma karanta shi ba, taƙaitawar wani ya haddace. Zai kawo jigo daidai, ya jera sunayen 'yan wasa daidai, amma da an tambaye shi a ina ne jama'a suka yi dariya, sai ya yi shiru. Game da *Hats Off* dukanmu wannan ɗalibi ne, har da manyan masanan da suka yi shekaru suna bin diddiginsa. Bambancin kawai shi ne mu ba laifinmu ba ne.

Dalilin da ya sa wannan giɓi ya fi girma a wajen Laurel da Hardy fiye da wasu shi ne irin salonsu. Fina-finan ban dariya na kamfanin Keystone, waɗanda Mack Sennett ya fara fitarwa tun 1912, gudu ne da tsalle da faɗuwa, abu na bin abu ba numfashi. Abin da aka yi a kamfanin Roach, wanda ake danganta shi da McCarey da Laurel, shi ne rage wannan gudu. Idan Stan zai yi wa Ollie ɓarna, Ollie ba ya gudu, ba ya karewa. Tsayawa yake yi yana kallo har a gama, sa'an nan ya juyo ya dubi na'urar ɗaukar hoto, watau ya dubi ɗan kallo ido da ido, kamar mai neman shaida. Sai ya gyara tsayuwa, ya rama a tsanake, Stan shi ma ya tsaya ya karɓa. Dariyar tana cikin wannan jira ne. Daƙiƙa biyu in aka ƙara ko aka rage, abin ya lalace. To, hoton kati ba ya riƙe daƙiƙa, takardar kamfani kuma iyakarta ta ce "ya kaɗe masa hula". Ba za ta faɗi tsawon lokacin da Hardy ya yi yana duban hular a ƙasa kafin ya ɗaga kai ba, alhali kuwa a nan gwanintar take, in akwai ta.

Har ila yau, ko 'yan kallon 1927 ba abu ɗaya suka gani ba. Kowane gidan sinima da makaɗinsa, wani wuri mai fiyano shi kaɗai, wani wuri ƙungiya guda, kuma saurin juya fim bai zama ɗaya a ko'ina ba sai da magana ta shigo aka tsayar da shi a kan hoto 24 cikin daƙiƙa. Saboda haka shaidar jaridun lokacin cewa an yi dariya shaida ce a kan abin da ya faru a wasu ɗakuna a wasu darare. Tana da amfani, amma gani ya kori ji.

4.0 Matakala

Yanzu sai mu koma ga abin da ake iya dubawa. Fim ɗin kashi biyu ne, hawan matakala da faɗan huluna, kuma kowane kashi an sake yin sa daga baya a fim ɗin da ya tsira. Wannan shi ne ya ba mu ma'auni.

Matakalar tana nan har yau a unguwar Silver Lake ta birnin Los Anjeles, ta tashi daga titin Vendome, tana da taki fiye da 130. A kanta aka ɗauki *The Music Box* cikin 1932, fim mai magana, faifai uku, wanda James Parrott ya ba da umarninsa, wanda kuma ya ci kyautar Oscar ta gajeren fim na ban dariya. A nan fiyano ne a cikin akwatin katako za su kai wani gida a kan tudu. Masu yabon *Hats Off* sukan kafa hujja da wannan, su ce tun da ɗan ya yi kyau haka, uban ma lalle ya yi. Mu kuwa muna ganin canje-canjen da aka yi cikin 1932 su ne suke nuna inda na 1927 ya gaza.

Da farko, a *Hats Off* 'yan talla ne. Ba wanda ya tilasta musu hawa, kwaɗayin ciniki ne ya kai su, abin da ya wofintar da wahalarsu kuma daga waje ya zo, watau daga matar da ta kira su. Yaudara ce kawai: an hau, an ji zancen wasiƙa, an yi dariya. A *The Music Box* kuwa 'yan dako ne, an riga an biya kuɗin kaya, dole a kai shi. Ba su da mafita, kuma duk abin da ya same su daga kansu ya fito. Mafi kyawun wuri a fim ɗin shi ne bayan sun isa ƙoli, ɗan aiken gidan waya ya gaya musu ai akwai hanyar da ta zagayo har ƙofar gidan, da sun bi ta da keken dokinsu. Sai suka ɗauki fiyano suka sauko da shi ƙasa, suka ɗora a keke, suka zagayo ta hanyar. Wannan wauta ce mai tsari, irin wadda take da hujjarta a cikin kan mai ita, kuma ita ce ainihin halin mutanen biyu. A lura cewa wasiƙar 1927 ba ta ɓace gaba ɗaya ba, ta rikiɗa ta zama ɗan aiken gidan waya, amma aikinta ya canza: da ita ce take yaudararsu, yanzu shi gaskiya ya faɗa musu, su suka yaudari kansu da ita.

Na biyu, kayan da aka ɗauka. Injin wanki nauyi kawai gare shi. Fiyano kuwa yana da nauyi, yana da tsada, yana kuma da murya. Duk sa'ad da akwatin ya kuɓuce ya gangaro, sai a ji wayoyinsa suna kuka taki bayan taki har ƙasa, ko da ba a nuna shi. Wannan abu ne da fim maras magana ba shi da ikon yi, sai dai makaɗin gidan sinima ya kwaikwaya gwargwadon iyawarsa. Ba mu faɗi haka domin mu rage darajar fim maras magana ba, yana da abubuwan da mai magana ya rasa. Amma a wannan wasa na musamman, sauti ya ƙara abin da babu shi a da.

5.0 Huluna

Kashi na biyu ya fi muhimmanci a tarihi, kuma a nan ne muke ganin *Hats Off* ya cancanci a ambace shi. Mai karatu na yau zai iya ɗauka kaɗe hula ƙaramin abu ne. A Amurka ta wancan lokaci ba haka ba ne. Namiji mai mutunci ba ya fita titi kai ba hula, irin hular kuma tana faɗin matsayinsa, har da lokacin shekara. Akwai al'adar cewa bayan 15 ga Satumba ba a sa malafar kaba ta bazara, wanda ya sa kuwa yara suna iya kaɗe ta su tattake. Cikin Satumba 1922 wannan wasa ya zama tarzoma ta kwanaki a birnin New York, aka kama mutane, wasu suka ji rauni. Ke nan 'yan kallon 1927 sun san abin da ake nufi da a taɓa hular mutum, kamar yadda mu ma a nan ba sai an yi mana bayani ba. Ga Stan da Ollie kuwa abin ya fi haka. Hular nan tasu mai dunƙulen kai da ɗan baki, wadda suka fara sawa tare a *Do Detectives Think?* cikin shekarar 1927 ɗin, ita ce kaɗai dukiyarsu. Ba aiki, ba gida, ba wayo, amma akwai hula, saboda haka a ganinsu su ma dattawa ne.

Abin da fim ɗin ya gano shi ne cewa ramuwar gayya tana yaɗuwa kamar wutar daji, daga mutum biyu ta cinye titi, kuma kowane mai shiga yana shiga ne da sunan kare mutuncinsa. McCarey ya ba da labari bayan shekaru masu yawa cewa ya samo dabarar ne daga wani dare da 'yar wasa Mabel Normand ta warware masa ɗaurin wuya, abin ya bi kan sauran abokan zama. Ko da labarin ya sha gyara a baki, kamar yadda irinsa yakan sha, abin da ya biyo baya a bayyane yake. Ran 31 ga Disamba 1927 aka fitar da *The Battle of the Century*, inda aka yi jifa da waina mai kirim wajen 3,000. Cikin 1928 aka yi *You're Darn Tootin'*, inda ake yage wanduna, da *Two Tars*, inda ake ɓalle sassan motoci a cikin cunkoso. Cikin 1929 aka yi *Big Business*.

Wannan na ƙarshe shi ne ya kamata a ajiye kusa da *Hats Off*, domin kusan kayan gini ɗaya ne: 'yan talla biyu masu bi gida gida, wannan karo da itacen Kirsimeti, ga kuma Finlayson. Amma dubi bambancin zubi. A *Big Business* faɗan daga cinikin ya tsiro. Reshen itace ya maƙale a ƙofa, aka sake buga ƙararrawa, maigida ya fusata ya datse itacen, su suka taɓa gidansa, shi ya taɓa motarsu, har gida da mota suka zama kango. Kowane mataki ɗan wanda ya gabace shi ne. A *Hats Off* kuwa, bisa ga abin da takardu suka nuna, injin wanki ba shi da wani aiki a faɗan huluna. Ana iya cire kashi na farko a sa wani abin haushi dabam, na biyu ba zai ji a jikinsa ba. Wasa biyu ne aka ɗinke da zaren gajiya. Wannan ba abin kunya ba ne ga mutanen da a watannin nan ne ma aka fara haɗa su a matsayin abokan wasa, amma aibi ne na zubi, kuma su da kansu sun gyara shi ta hanyar raba wasannin biyu, kowanne aka ba shi fim nasa. Ko a *The Music Box* hular ta dawo, sai dai an mai da ita ƙarama: doguwar hular farfesan nan da Billy Gilbert ya fito a matsayinsa ita kaɗai aka kaɗe, ta gangara titi mota ta take ta, mai ita kuma ya zamana shi ne maigidan da za a kai wa fiyano. A nan hula da matakala sun zama labari ɗaya, abin da ba su zama ba cikin 1927.

6.0 Wani Gwaji

Akwai wanda zai ce ai duk wannan ma hukunci ne a kan takarda, kuma mun riga mun ce takarda ba ta isa ba. Gaskiya ne, kuma muna da misalin da ya kamata ya sa kowa, har da mu, ya yi taka-tsantsan. Shekaru da dama abin da aka sani na faɗan waina a *The Battle of the Century* shi ne 'yan mintocin da Robert Youngson ya tsinto ya sa a cikin *The Golden Age of Comedy* cikin 1957. A kan wannan gutsure aka yi ta rubuta sharhi. Cikin 2015 sai Jon Mirsalis ya bayyana cewa ya sami faifai na biyu cikakke a cikin tarin fina-finan da ya saya. Da aka kalla sai aka ga Youngson ya datse wurare, ya matse faɗan ya zama jifa a kan jifa, alhali a asali abin a hankali ya taso, da tsayawa da kallon-kallo a tsakani. Watau masu sharhi sun ga zaren fim ɗin da idonsu, amma abin da aka rage musu shi ne daidai abin da ya bambanta Laurel da Hardy da Keystone. In haka ta faru ga wanda aka ga rabinsa, ina ga wanda ba a ga komai nasa ba?

Saboda haka hukuncinmu a kan ɗinkin kashi biyun nan yana iya tsayawa ko da an sami fim ɗin, domin abu ne da ya shafi jerin aukuwa, jerin kuwa an san shi. Abin da zai iya rushe mana lissafi shi ne wasan kansa. Mai yiwuwa ne a ga cewa a kan matakalar nan Laurel yana ta fama da hularsa tun daga takin farko, tana faɗuwa Hardy yana tsinta, har ya zamana an shuka faɗan ƙarshe tun da wuri ta hanyar da marubucin takardar kamfani bai ga dalilin rubutawa ba. In haka ne, to ɗinkin ya fi yadda muka zata ƙarfi, kuma sai mu janye rabin abin da muka faɗa a sashe na 5.0.

Samun fim ɗin kuwa ba abu ne da za a fid da rai gaba ɗaya ba. Cikin 1978 an tono faifai 533 a garin Dawson na ƙasar Kanada, inda aka binne su a wani tsohon wurin iyo, sanyin ƙasa ya adana su. Da yawa daga fina-finan Amurka da suka tsira a rumbunan wasu ƙasashe aka same su, sau da yawa da wani suna dabam da allunan rubutu na wani harshe, shi ya sa labarin Jamus na 1930 yake da muhimmanci ga masu nema. Sai dai zaren naitiret da aka buga cikin 1927 ya kai shekarun da mafi yawan irinsa sukan zama gari, in ba an juye shi a kan wani zare tun da wuri ba, kamar yadda aka yi wa faifan da Mirsalis ya samu, wanda ƙaramin kwafi ne mai faɗin milimita 16 da ya fito daga kayan Youngson.